SHARHI: Kundin Muhawarar Majalisa Da Kuɗin Da Ake Karɓa A Kasuwanninmu

Idan jama'a ba su manta ba, a tsakiyar watan Disamba na shekarar 2025, ana saura kamar mako biyu sabbin dokokin haraji na tarayya su fara aiki, ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta Jihar Sakkwato, Alhaji Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya shaida wa takwarorinsa cewa abin da ya gani an buga a Gazet ɗin gwamnati ya sha bamban da abin da suka zartar. Bai zo da jita-jita ba. Ya ce ya ɗauko takardun majalisa da ke ɗauke da matsayar da aka cim ma, ya ɗauko kwafin da majalisun biyu suka daidaita a kansa, sannan ya ajiye su gefe da gefe da kwafin Gazet yana bi sashe-sashe. Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Muktar Betara domin ya bincika, daga bisani shugabannin Majalisar Tarayya suka umarci Akawun Majalisa da ya sake buga dokokin a Gazet tare da fitar da kwafin da aka tabbatar da sahihancinsa. Dokokin dai sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 kamar yadda gwamnati ta tsara.

Ba mu kawo wannan domin mu yanke hukunci a kan wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure ba, wannan aikin majalisa ne da kotuna. Abin da ya ja hankalinmu shi ne makamin da ɗan majalisar ya yi amfani da shi, wato takardu. Da a ce ba a rubuta abin da aka zartar a kowace rana, da maganar ta tsaya a "na ce, ka ce". Kuma irin waɗannan takardu ba a Abuja kaɗai suke ba, akwai su a Majalisar Dokokin Jiha, akwai ƙannensu a majalisar kansiloli ta kowace ƙaramar hukuma, kuma a cikinsu ne ake samun asalin kuɗin rumfa, da kuɗin kara, da kuɗin tasha, da kuɗin kwata da manomi da mahauci da direba ke biya duk ranar kasuwa.

Yana da kyau mu bi sawun waɗannan dokoki na haraji, domin su ne misali mafi kusa da ke nuna yadda ƙuduri ke shiga majalisa da kama ɗaya ya fito da wata. Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu a watan Oktoba na 2024. A cikinsu an nemi a riƙa ɗaga harajin kayayyaki, wanda aka fi sani da VAT, daga kashi 7.5 cikin ɗari, mataki-mataki har ya kai kashi 15 a shekarar 2030. An kuma nemi kashi 60 cikin ɗari na rabon jihohi ya bi inda aka samo kuɗin. Wannan ne ya tayar da ƙura. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka yi taro a Kaduna a ƙarshen wannan wata suka ce ba su amince ba, Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa ma ta ba da shawarar a janye ƙudurorin a ƙara tuntuɓa. Ba a janye ba. Majalisar Dattawa ta yi musu karatu na biyu a ƙarshen Nuwamba, ita kuwa Majalisar Wakilai sai a watan Fabrairun 2025, bayan da Ƙungiyar Gwamnonin Nijeriya ta fito da nata tsarin rabon a watan Janairu.

Duk wanda ya tsaya a kan abin da aka yi ta faɗa a rediyo a watannin Nuwamba da Disamba na 2024, zai ɗauka har gobe haka dokar take. Alhali kuwa ainihin aikin an yi shi ne a kwamitocin kuɗi na majalisun biyu, na Dattawa ƙarƙashin Sanata Sani Musa, na Wakilai ƙarƙashin James Faleke, waɗanda suka zauna sauraron ra'ayin jama'a a ƙarshen Fabrairun 2025. Da rahotanninsu suka dawo zaure, an bar VAT a kan kashi 7.5. An rage kason Gwamnatin Tarayya daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya tsaya a 35. A tsakanin jihohi kuma aka koma ga tsarin da gwamnoni suka kawo: kashi 50 a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Haka kuma an fasa shirin yanke wa asusun TETFund kuɗinsa, wanda malaman jami'o'i da na kwalejojin fasaha suka yi ta kokawa a kai. Shugaban Ƙasa ya sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yunin 2025.

To, a nan ne mai bincike ke yawan yin tuntuɓe. Mutum zai samu kwafin ƙuduri a hannun wani, ko a wayar salula, ya karanta sashe kaza, ya shiga gari yana cewa gwamnati ta sa doka kaza. Ƙuduri ba doka ba ne. Abin da aka gabatar a karatu na ɗaya buƙata ce kawai, kuma a kan VAT ɗin nan mun ga yadda buƙata ta ce 15, doka ta ce 7.5. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa kowace takarda ita ce: a wane mataki aka buga ta, kuma wace rana?

Takardun majalisa iri-iri ne, kuma kowacce da abin da za ta iya shaida. Akwai takardar jadawalin zaman rana, wadda ake rabawa kafin a shiga zaure. Amfaninta ga mai bincike shi ne ta nuna masa ranar da aka sa ƙuduri a layi, amma ba ta tabbatar da cewa an kai gare shi, domin sau da yawa a kan ɗage. Akwai takardar matsaya da ƙuri'u, wadda ke taƙaita abin da majalisa ta yanke, kuma mambobi ke amincewa da ita a zama na gaba. Ita ce mafi ƙarfi idan ana gardama a kan me aka zartar, kuma tana cikin takardun da Dasuki ya dogara da su. Sannan akwai Hansad, wato cikakken rahoton muhawara, inda ake rubuta abin da kowane mamba ya faɗa da sunansa. Sunan ya samo asali ne daga Thomas Curson Hansard, wani mai ɗab'i a Ingila da ya riƙa buga muhawarar majalisar ƙasarsu a farkon ƙarni na 19, muka gaji sunan tare da tsarin. A ƙarshe akwai Gazet, inda ake buga doka bayan an sa mata hannu.

Amma a ganinmu takardar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ta fi kowacce nama, ita ce rahoton kwamiti. Muhawarar karatu na biyu a kan manufar ƙuduri ce gaba ɗaya, kuma a nan ne ake jin zafafan kalamai da ke shiga labarai. Adadin kuɗin da za a caji mai rumfa, da wanda za a yafe wa, da tarar da za a ci wanda ya ƙi biya, da hukumar da za ta karɓa, duk a kwamiti ake gyara su. Rahoton kwamiti mai kyau yakan jera abin da ƙuduri ya ce tun farko, da abin da kwamiti ya ba da shawara, da dalili. Yakan kuma ambaci waɗanda suka kawo takardar ra'ayi. Idan ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ko ta dillalan dabbobi ta garinku ta ce ta je ta kare muku haƙƙi, a wannan rahoto za a ga ko ta je ɗin, da abin da ta roƙa. Bayan haka majalisa kan zauna a matsayin kwamiti na kowa da kowa ta bi rahoton sashe-sashe, kuma a nan ma a kan sauya adadi cikin minti ɗaya, abin da ba za a gane ba sai an haɗa rahoton da takardar matsaya ta wannan rana.

Akwai wani giɓi da ya kamata jama'a su sani tun da wuri, don kada su zargi ma'aikatan majalisa da ɓoye abu. Mafi yawan ƙuri'u a majalisunmu da murya ake yin su, shugaba ya saurari masu cewa eh da masu cewa a'a ya buga guduma. Don haka takarda za ta nuna an amince, amma ba za ta nuna yadda wakilinku ya yi ba. Sai an nemi a rarrabu a ƙirga ne ake rubuta sunaye, kamar yadda aka yi a Majalisar Dattawa a watan Yulin 2021 kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, inda aka tashi 52 da 28. Irin wannan ba kasafai ake yi ba. Wanda ke son sanin matsayin wakilinsa sai ya koma Hansad ya ga ko ya yi magana, ko kuwa ya duba jerin mambobin kwamitin da suka sa hannu a rahoto.

Yanzu bari mu dawo gida, inda abin ya fi shafar mai karatu. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ciki har da kafawa da kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da ba da lasisin kekuna da amalanke da baro da kwale-kwale, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kula da shaguna da allunan talla. Sashe na 7 kuma ya ɗora wa gwamnatin jiha alhakin yin dokar da za ta tsara kafuwar ƙananan hukumomi da kuɗinsu da ayyukansu. Ma'ana, kowane rasit da mai karɓar kuɗi ya miƙa maka a ƙofar kasuwa ya kamata ya kasance da uwa da uba: dokar Majalisar Jiha da ta ba da ikon, da kuma ƙaramar doka ta kansiloli ko jadawalin da ya faɗi adadin. Rasit ɗin da aka kasa nuna dokarsa abin tambaya ne. Tun a shekarar 1998 gwamnatin soja ta fitar da doka ta 21 wadda ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma hana datse hanya domin karɓar haraji, amma duk wanda ya taɓa ɗauko buhunan masara ko shanu daga Arewa zuwa Kudu ya san yawan igiyoyin da ya tarar a hanya a shekarun da suka biyo baya.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da ma'aji-ma'aji, lamarin ya ƙara nauyi tun ranar 11 ga Yulin 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma ce kantomomin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Hukuncin bai shafe ikon majalisun jihohi na yin doka a kan ƙananan hukumomi ba, shi ya sa idanu suka koma kansu. Misali, a watan Oktoba na shekarar 2024 Jihar Anambara ta yi sabuwar dokar gudanar da ƙananan hukumomi wadda ta tanadi su riƙa zuba wani kaso a asusun haɗin gwiwa domin wasu ayyuka, abin da ya jawo muhawara mai zafi a ƙasa. Ko mutum ya goyi bayan irin wannan doka ko ya ƙi, jami'in da zai sa hannu a fitar da kuɗi yana bukatar ya ga dokar jiharsa da idonsa, ya san ranar da ta fara aiki da abin da ta soke. Ranar da mai binciken kuɗi ya zo, "an ce mu yi" ba ta fitar da kowa.

Tsarin mulki ya ba Majalisar Jiha ƙarfi a wannan fanni fiye da yadda mutane da yawa suka ɗauka. Sashe na 100 ya ba Gwamna kwana 30 ya sa hannu a ƙuduri ko ya bayyana ƙin amincewarsa, kuma idan kashi biyu cikin uku na mambobi suka sake zartar da shi ya zama doka ko babu sa hannun. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya ba da shaida tare da takardu. Sashe na 125 ya ce rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya je majalisa, kwamitin kula da asusun gwamnati ya duba shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana barin sawu a rubuce. Idan an taɓa kiran wani jami'i kan kuɗin shigar wata kasuwa ko kwangilar wata tasha, akwai ranar da aka yi, akwai rahoton da ya biyo baya, ko kuma akwai shaidar cewa rahoton bai taɓa dawowa zaure ba, wanda shi ma labari ne.

Sai dai dole mu faɗi gaskiya, samun takardun jihohi ya fi na tarayya wuya. Na tarayya ana samun da yawa a intanet, a shafin Majalisar Tarayya da kuma na ƙungiyar PLAC da ke Abuja wadda ke bin sawun ƙudurori, kuma lambar ƙuduri kan fara da SB idan na Dattawa ne, HB idan na Wakilai ne. A jihohi da dama kuwa sai an taka zuwa ofishin Akawun Majalisa ko ɗakin karatunta, kuma Hansad kan yi jinkirin fitowa saboda aikin mayar da magana rubutu ba ƙaramin aiki ba ne. A ƙananan hukumomi abin da ake da shi shi ne littafin bayanin taron kansiloli da fayil ɗin ƙananan dokoki, waɗanda a wasu wurare ke ajiye a kabad ɗaya tilo, a hannun mutum ɗaya. Muna ganin wannan ba daidai ba ne. Jadawalin kuɗin kasuwa bai kamata ya zama sirri ba, kamata ya yi a manna shi a ƙofar kasuwa da ofishin dagaci, da boko da ajami, kowa ya gani.

Wanda aka hana shi takarda yana da doka a bayansa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta ba kowa damar neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, idan za ta ƙi kuma ta rubuta dalili, kuma kuɗin da za ta caja bai wuce na kwafi ba. Dokar ta yi tanadi ga wanda bai iya rubutu ba ko mai nakasa, wani na iya nema a madadinsa. An shafe shekaru wasu jihohi na cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, har sai a watan Afrilun 2025 da Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta yanke cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. Shawararmu ga mai nema ita ce ya taƙaita buƙatarsa. Wasiƙar da ta ce "a ba ni duk bayanan haraji" za ta kwana a tire. Wadda ta ambaci sunan doka, da shekara, ta ce ana son rahoton kwamiti da takardar matsaya ta ranar karatu na uku, ta fi saurin samun amsa. A riƙe kwafin wasiƙar da hatimin karɓa da kwanan wata.

Wani zai ce wannan duk aikin 'yan boko ne, talaka ina ruwansa. Tarihin yankin nan bai goyi bayan haka ba. A zauren Lugard da ke Kaduna, tsohuwar Majalisar Dokokin Arewa ta yi muhawara da Turanci da Hausa, kuma a can ne a watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurinsa na neman a gyara tsarin En'e, wanda ya taɓo yadda ake mulkin talakawa. Masu bincike na komawa Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna domin karanta irin waɗannan muhawarori. Dattawanmu kuma ba su manta da 1979 ba, shekarar da Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Maganar kuɗin da ake karɓa daga hannun mutumin ƙauye ta daɗe tana tsakiyar siyasar Arewa, kuma masu biya ne suka fi kowa riƙe lissafinta.

Abin da ya rage shi ne batun harshe. Sashe na 97 ya ce Majalisar Jiha ta gudanar da aikinta da Turanci, amma ya ba ta damar ƙara wani harshe da ake magana da shi a jihar idan ta zartar da haka. Majalisar Jihar Legas ta yi amfani da wannan dama ta ware ranar Alhamis domin zama da Yarbanci. A Arewa ba baƙon abu ba ne a ji mamba na zuba hujja da Hausa a zaure, amma idan aka zo buga doka da rahoton kwamiti sai a koma Turanci, irin Turancin lauyoyi da ko mai difloma sai ya karanta sau biyu. Ba lalle ne a fassara Hansad gaba ɗaya ba, kuɗin da ma'aikatan ba za su isa ba. Amma duk dokar da ta ɗora wa jama'a biyan kuɗi, ana iya fitar da jadawalinta da taƙaitaccen rahoton kwamitinta da Hausa a shafi biyu ko uku, a karanta a gidan rediyon jiha, a aika wa hakimai da sarakunan kasuwa da na fawa. Haka nan sanarwar zaman sauraron ra'ayin jama'a, idan an buga ta a jaridar Turanci kwana biyu kafin zama, mutanen birni ne kaɗai za su halarta. A yi ta a rediyo da Hausa tun da sauran mako biyu, a kuma yi shela a ranakun manyan kasuwanni, domin ƙungiyoyin manoma da makiyaya da direbobi su sami sukunin rubuta takardarsu su kai wa sakataren kwamiti kafin a rufe karɓa.